Masu zama cikin jirgi a Bahar Maliya

Ƴan'uwa manoma da makiyaya na ƙasar Magariya da Dungas, mu dai ruwan da muka sani shi ne na rijiya, da na tapki, da na Korama. A wannan wata za mu kai ku labarin wani ruwa mai nisa, wanda kakanninmu suka sani da idonsu. Sunansa Bahar Maliya.

Kafin zuwan jirgin sama, mai niyyar hajji a ƙasa yake tafiya. Ya bi ta Barno, ya ratsa Wadai da Darfur, yana tsayawa yana ƙodago. Wani sai ya yi shekaru kafin ya isa Sawakin, a bakin ruwa cikin ƙasar Sudan. Daga nan zuwa Jidda kamar kilomita 300 ne, kuma duk ruwa ne. Da yawa sun ƙetare cikin jiragen katako waɗanda iska ke turawa. Wasu kuwa ba su komo gida ba. Jikokinsu na can Sudan, suna jin Hausa har yau.

Tsohon garin Sawakin bisa ɗan tsibiri yake, watau ƙasa wadda ruwa ya kewaye. Da dutsen cikin teku aka gina gidajensa. Da aka buɗe sabuwar tashar jirage ta Por Sudan a 1909, fatake suka koma can, gidajen Sawakin suka yi ta rushewa. Amma gindin kangayen nan wasu baƙi sun saba tsayawa da ƙananan jiragensu. Su ba fatake ba ne, ba kuma masunta ba. Mutane ne da suka mai da jirgi gidansu, suna yawon duniya daga wannan tsibiri zuwa wancan. Yawancinsu Turawa ne, galibi miji da mata, wani lokaci har da yara.

Irin wannan jirgi tsawonsa mita 10 zuwa 15 ne. A tsakiyarsa an kafa doguwar dirka, an ɗaura mata manyan ƙyallaye biyu. In iska ta cika ƙyallen sai jirgi ya tafi. A ƙarƙashinsa akwai nauyin ƙarfe ko na darma, shi ke hana shi kifewa. Akwai ɗan inji, amma ana tattalinsa don mai yana da tsada kuma babu wurin saye a tsakiyar ruwa. Gudunsa kamar kilomita 10 ne a awa. In ya wuni ya kwana yana tafiya, ya yi kamar zuwa Damagaram daga Magariya da komowa.

Cikinsa bai fi ɗaki guda ba. Nan ne gado, nan ne madafa, nan ne rumbu. Kowane abu a ɗaure yake, don jirgi ba ya daina rangaji. Murhun ma a rataye yake yana lilo, don kada tukunya ta zube. Abinci shi ne shinkafa, da wake, da albasa, da kayan gwangwani, sai kifin da suka kama da ƙugiya. Da dare ba a barci gaba ɗaya. Ɗaya ya kwanta, ɗaya ya yi tsaro awa 3 ko 4, sa'an nan su sauya, kamar yadda ake tsaron garke inda kura take.

Babban abin mamaki shi ne ƙishirwa. Ga ruwa gabas da yamma, amma ba ya shawuwa. Tsawon Bahar Maliya ya fi kilomita 2,000, babu kuwa wani kogi mai gudu rani da damina da ke zuba cikinta. Rana na ƙona ta kullum. Saboda haka gishirinta ya fi na sauran tekuna, kamar giram 40 a kowace lita. Wanda ya sha, ƙishirwarsa ƙaruwa take yi. Ruwan daɗi ana ɗauko shi daga tudu a cika tanki, sai a yi ta ƙirga shi lita lita. Da ruwan gishiri ake wanke kwano, a ɗauraye da ɗan na daɗi. Wasu jiragen suna da inji mai tace gishiri, amma mai hankali ba ya dogara da shi kaɗai. Duk makiyayin da ya taɓa lissafin kwana nawa ke tsakanin rijiya da rijiya ya san wannan zama.

Haka kuma ba a tashi sai lokaci ya yi. A arewacin Bahar Maliya iska daga arewa take busowa kusan duk shekara. A kudancinta kuwa, lokacin da muke cikin ɗari, daga kudu take zuwa. Don haka masu fitowa daga Tekun Indiya sukan shigo wajen watan Fabrairu da Maris, iska na bayansu. In sun kai wajen Sudan sai ta juyo musu gaba. Jirgin ƙyalle ba ya iya tunkarar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu. In ta yi ƙarfi sai su shiga wani lungu a bakin gaɓa, wanda Larabawa ke kira marsa, su saki ƙugiyar ƙarfe, su jira ko da mako ne. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Abin da ke jawo su nan yana ƙarƙashin ruwa. Akwai wasu ƴan mitsi-mitsin halittu masu gina dutse, ana ce da su murjani. Abin da suke ginawa yana da rassa kamar itace, wani kuma kamar laima. Tsakanin rassan nan kifi ne iri iri, ja da rawaya da shuɗi, ga kunkurun ruwa. Wannan dutse shi ne kuma maƙiyin jirgi, don yana ɓoye dab da saman ruwa. Ba a shiga wurinsa sai rana ta ɗaga. Mutum guda ya tsaya a goshin jirgi yana duban launin ruwa. Shuɗi mai duhu zurfi ne. Kore ba zurfi. In ya ga ruwan ƙasa-ƙasa, to dutse ne, sai a kauce.

Mai son ganin abin da ke ƙasa sai ya yi nutso. Ya sa gilashi a fuska, ya goya tukunyar ƙarfe cike da iska, ya kama tiyo a baki. Wani Bafaranshe mai suna Zak Kusto, shi da abokinsa Emil Ganya, su suka ƙera wannan na'ura a 1943. A 1963 Kusto ya zo Sha'ab Rumi, arewa da Por Sudan, ya kafa ɗakin ƙarfe a zurfin mita 10. Mutanensa suka yi wata guda cur suna kwana a ciki. Nutso yana da dokoki. Ba a shiga mutum ɗaya. Ba a riƙe numfashi. Ba a hawowa da sauri, don iskar da ta shiga jini a zurfi tana iya yin kumfa, ta shanye wa mutum ƙafa ko ta kashe shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Murjani jinkirin girma gare shi. Ƙugiyar jirgi guda tana karya abin da ya yi shekaru yana ginuwa, in ya mutu kuma kifi ya watse, masunci ya rasa abinci. Shi ya sa gwamnatin Sudan ta keɓe Sanganeb a 1990, wani zoben murjani a tsakiyar ruwa mai doguwar hasumiyar fitila. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya, tare da Dungunab inda dangin ayu ke kiwon ciyawar ruwa. Mu nan mun san haka. Da aka sare gawo gonaki suka gaji. Da manoman Magariya da Matamaye da Mirriya suka koma barin ƴan gawo suna tashi cikin gona, ƙasa ta farfaɗo.

A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, dubban mutane suka tsere ta Por Sudan zuwa Jidda cikin jirage. A ƙarshen wannan shekara kuma aka soma kai wa jirage hari a kudancin tekun, wajen Yaman. Baƙi masu jiragen ƙyalle suka ragu, masu sayar musu da ruwa da kayan miya suka rasa ciniki.

To jama'a, kun ji zaman masu gida bisa ruwa. Arzikinsu ya fi namu, amma dabararsu irin tamu ce. Suna duban sama kafin su tashi, suna auna ruwan sha, ba su kuma ɓata wurin da za su komo gobe. Allah ya ba mutanen Sudan lafiya, ya ba mu damina mai albarka.