Aikin da ba a liƙa a allo ba

Ƙannena na Madarumfa masu diplom a hannu, ina da magana da ku, kuma tana da ɗan tsawo.

Wanda ya gama jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi ya dawo gida, hanya ɗaya ya sani: ya haɗa dosiye, ya yi rajista a ofishin neman aiki na ANPE, ya zauna jiran sanarwa. Ban ce a bari ba. Sai dai aikin da ake liƙawa a allo, ko ake yaɗawa a WhatsApp, kafin ka gan shi ɗaruruwan mutane sun riga sun gani. Akwai wani aikin kuma da ba ya kaiwa allo ko kaɗan.

Ku dubi damina, daga Yuli zuwa Oktoba, lokacin da ake bi gida-gida ana ba yara 'yan ƙasa da shekara 5 maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro. A ce saura kwana biyu a fita, wani mai rubuta sunaye ya tafi ci-rani. Shugaban ayarin ba shi da lokacin rubuta sanarwa. Waya zai ɗaga ya kira majon likita ko mai gari: "Akwai yaro mai hankali da ya iya rubutu, wanda mutanen Gabi suka sani?" Sunan da ya fara zuwa bakin mutumin nan, shi ke samu. Haka ake neman mai riƙe lissafi a ƙungiyar manoman noman rani na Jiratawa, haka ake neman yaron mota ko mai tsaron sito a Ɗan Issa, bakin iyakar da ake bi zuwa Jibiya da Katsina. Manyan muƙamai na gwamnati da na ƙungiyoyi irin su MSF, wadda ta daɗe tana kula da lafiyar yara a yankinmu, waɗannan kam suna da ƙa'idarsu da sanarwarsu. Amma ranar tantancewa za a tambaye ka inda ka taɓa aiki, kuma amsar daga irin ƙananan ayyukan can take fitowa.

Abin da ke damuna shi ne fada. Ba na zagin fada, ni ma ɗanta ne, shayinta ya raine ni. Amma mutum goman da kuke zama da su kullum, labarin da ka ji shi suka ji. Wani masani ɗan Amurka, Mark Granovetter, ya wallafa bincike kan wannan a 1973: cikin waɗanda suka samu aiki ta hannun wani, mafi yawansu ta hannun wanda ba su cika haɗuwa da shi ba ne. Dalilin a fili yake. Amininka yana inda kake. Tsohon malaminka na koleji, ko abokin yayanka direban wani furoje, ko gwaggon da ke aiki a ma'aikatar magajin gari, su ne ke shiga inda ba ka shiga.

Kuma ba baƙon abu ba ne gare mu. Alhazan Maraɗi da ake ba da labarin arzikinsu, da yawansu a gaban ubangida suka tashi: bara ya yi shekaru ana aikensa, ana gwada shi da kuɗi kaɗan-kaɗan, kafin a ba shi jari. Wanda ya kai shi wurin ubangidan ya sa sunansa ne jingina. Nan ne matasa da yawa ke kuskure. Ka shekara biyar ba ka gai da mutum ba, ba gaisuwar sallah, ba ta'aziyya, ranar da ka zo sai ka ce, "Kawu, a nema mini aiki." Wane aiki? Me ka iya? In ka kunyata shi, wa zai biya? Zumunta a ƙafa take. In ka je, faɗi abu takamaimai: "Kawu, na iya shigar da bayanai a kwamfuta, ina da lasin babur, in an ji ana neman mai ƙidaya a tuna da ni." Wannan magana ce da mutum zai iya ɗauka ya kai gaba.

Na san abin da wasu za su rubuto: ai wannan shi ne "wa ka sani", shi ya kashe ƙasa. Da gaskiyarku ta wani ɓangare. Yarinyar ƙauyen Safo da ba a barinta fita, ba ta da kawu a ofis, ita ce hanyar nan ke cuta, ko da ta fi kowa ƙoƙari. Shi ya sa nake ganin masu aiki cikinmu su riƙa sako labarin gurbi a fili, ba a kunnen ɗan ɗaki kawai ba. Amma a sanar da kai ka je ka gwada, daban yake da a ture wanda ya ci jarrabawa a sa ka.

Wanda kuwa ya ce ka turo jika ashirin ya saka sunanka, kada ka tura. Wanda ke da shekara biyu a wurin aiki, ya rubuta a ƙasa ta bakin wa ya fara jin labarin gurbin, ƙannenmu su gani.