Masu Riƙon Akwatin Jama'a



Ya 'yan'uwa iyalan Musulmi, da wuya a yau ka shiga wata unguwa a Damagaram, ko Maraɗi, ko Tawa, ko Yamai, ba ka tarar da ƙungiyar gyaran tarbiyya da taimakon juna ba. Ita ce ke sasanta miji da mata kafin magana ta kai gaban alƙali, ita ke jan kunnen samari a kan shaye-shaye, ita ke roƙon iyaye su sassauta tsadar aure, ita kuma ke tuna marayu idan Salla ta ƙarato. A bisa kan kowace akwai mutane ƙalilan da muke kira 'yan biro: shugaba da mataimakinsa, magatakarda, ma'aji, da masu binciken kuɗi guda biyu. Babu ɗayansu da ke karɓar ko dala. A kan waɗannan bayin Allah muke son yin magana, domin mun tashi a zauren liman, inda yawancin irin waɗannan tarurruka suke ƙarewa idan sun yi daɗi, kuma inda ake kawo su idan sun ɓaci.

Aikin sa-kai ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Kakanninmu sun san gayya, sun san sarkin samari, kuma gwamnatin Janar Seyni Kunce ta raya samariya ta dogara da ita wajen ayyukan gari. A zamaninsa ne, cikin 1974, aka kafa Ƙungiyar Addinin Musulunci ta Nijar, sa'an nan dokar ranar 1 ga Maris 1984 ta tsara yadda ake kafa ƙungiyoyi da neman izini daga hukuma. Bayan babban taron ƙasa na 1991 sai ƙofa ta buɗe, ƙungiyoyi suka yawaita. Abin da ya sauya shi ne takarda. Gayya ba ta da ma'aji, ana gama noma kowa ya saɓi hauyarsa ya tafi gida. Ƙungiya kuwa tana da kundin dokoki, da jerin sunaye, da akwati. Mun sha ganin yadda ake cika jerin nan: a daɗe ana shawara a kan shugaba, a natsu wajen zaɓen ma'aji, idan aka zo kan masu binciken kuɗi kuwa magariba ta gabato, sai a rubuta sunan duk wanda ke zaune kusa da ƙofa.

Kafin mu faɗi abin da ke damunmu, wajibi ne mu ba su haƙƙinsu. Magatakarda galibi malamin makaranta ne, da kuɗin aljihunsa yake buga takardun gayyata, da man babur ɗinsa yake raba su. Shugaba ya yi sallama da zaurensa, domin ba a sanar da shi kafin a zo, kuma ba a duba lokaci. Idan ya shiga tsakanin ma'aurata, dangin miji su ce ya karkata, dangin mata su ce an saye shi. Akwai kuma wadda ba a rubuta sunanta a kowane kundi ba, wato uwargidansa, wadda ke ƙara ruwa a tukunya saboda baƙin da ba ta san da zuwansu ba, tana kuma rarrashin yaran da ba su ga mahaifinsu ba tun bayan la'asar. Duk gidan da ya ba ƙungiya mutum guda, haƙiƙa gidan gaba ɗaya ne ya shiga biro.

To, daga wannan alheri nasu ne matsalar take tsirowa. Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu ya yi masa aski. Sai jama'a suka juya karin maganar: tun da wannan bai ci lada ba, ba a da bakin tambayarsa yadda askin ya kasance. Kunya ta rufe baki. Mai ba da jika guda a kowane wata yana son ya san inda ta shiga, amma ina zai iya duban dattijon da ya yi wa mahaifinsa wanka ya ce a karanto lissafi? Wanda ya daure ya tambaya kuwa, nan take za a ce ba shi da ladabi, ko a ce boko ya ɓata shi, a bar kaza cikin gashinta. Haka shekaru suke wucewa, kowa na yabon amanar ma'aji, babu wanda ya taɓa ganin cikin akwatin.

A ƙarshen 2004 babban bankin ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa ya janye tsofaffin takardun kuɗi na samfurin 1992, ya ba da wa'adi a canza su. Muna yara a lokacin, aikinmu shimfiɗa tabarma da kawo ruwa. Dole ta sa aka kawo akwatin ƙungiyar unguwarmu zauren mahaifinmu domin a ƙirga a kai banki. Mai riƙe da shi wani tsohon ɗan kasuwa ne da duk unguwa ta shaida da gaskiyarsa, kuma ya fi shekara goma yana ajiye akwatin a ƙarƙashin gadonsa. Da aka zazzage a kan tabarma, abin da aka ƙirga bai kai rabin abin da ake zato ba. Zauren ya yi tsit. Tsohon bai ci ko dala ba. Wani ne ya buga masa ƙofa da tsakar dare matarsa tana asibiti, wani ya rasa ragon suna, wani damina ta kama shi ba iri, kowanne ya rantse zai mayar bayan kaka. Ba a rubuta ko ɗaya ba, domin rubuta bashin maƙwabci a wurinsa cin fuska ne. Da yawa daga masu bashin suna zaune a zauren nan, kawunansu a ƙasa, kuma ba wanda ya ɗaga hannu. Shi ma bai ambaci sunan kowa ba.

Ya sayar da filin da ya tanada wa 'ya'yansa ya cike giɓin. Amma kafin cinikin ya kammala Salla ta wuce, marayun unguwa ba su sami ɗinkin shekarar ba, ga kuma yunwar 2005 ta biyo baya ta tarar da mutane sun daina zuba kuɗi. Tsohon bai sake halartar taro ba, ya koma yin salla a wani masallaci mai nisa har Allah ya karɓi ransa. Abin da muka ji mahaifinmu yana faɗa wa dattawa daga baya shi ne, unguwa ce ta zalunci mutumin nan, da ta bar shi shi kaɗai da akwati da tausayinsa shekara da shekaru, tana kiran wannan sakaci girmamawa.

Abin mamaki, addininmu bai bar wannan kunya da mafaka ba. Aya mafi tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, kuma muminai aka yi wa magana a cikinta. Ɗaliban hadisi kuma sun san labarin Ibnul Lutbiyya, wanda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya aika karɓar zakka. Da ya dawo an yi masa lissafi, ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi kuwa ya hau mumbari ya nuna cewa da yana zaune a gidan iyayensa kyautar ba za ta same shi ba. Idan an zauna lissafi da sahabi, ba mu ga dalilin da zai sa Alhajin unguwarmu ya ɗauki tambaya a matsayin zargi ba, ko mu mu ɗauke ta a matsayin rashin kunya.

Lamarin ya fi tsanani ga ƙungiyar da ta ce tarbiyya take gyarawa, domin ba ta da 'yan sanda, ba ta da kotu, jarinta kawai shi ne a ji maganarta. Samari suna kallo, kuma sun fi yadda ake zato lura. Ranar da 'yan biro suka kira yaro a kan ƙwaya, ko suka je wa mai awo a kan tauye mudu, idan akwai ɗigon shakka a kan akwati, ko bai furta ba yana cikin ransa. Haka nan kyautar masu neman kujera. A shekarun zaɓe, kamar 2011 da 2016 da 2020, an ga buhunan shinkafa da tabarmi da lasifika suna shiga hannun ƙungiyoyi ta ƙofar shugaba, ba ta gaban taro ba. Wanda ya karɓa a ɓoye, ko da ya raba wa mabukata har ƙwayar ƙarshe, harshensa ya yi nauyi a kan mai kyautar.

Sai batun wa'adi. Kundi ya ce shekara uku, mutum ya yi goma sha biyar. Ba kullum son girma ne ke jawo haka ba. Sau da yawa shugaba ya roƙi a sauke shi, jama'a su ce ai babu kamarsa, alhali abin da suke nufi shi ne babu mai son ɗaukar wahalar. Ga masu digiri a unguwa, ga waɗanda suka karanci lissafin kuɗi, amma sun fi son gyara daga bakin shago. A nan za mu ɗan ratse mu ce wani abu game da iyayenmu mata. Su ne suka fi kowa cika alkawarin zubi, kuma uwar adashi tana riƙe lissafin mata talatin ba tare da kwabo ya ɓata ba, domin ranar kwasa kowa na wurin, kowa na ƙirgawa. Duk da haka kujera ɗaya tak ake ware musu a biro, ta harkokin mata, ba a taɓa tunanin a ba su binciken kuɗi ba.

Yau kuɗin ma sun fi na da yawa da sauri. 'Yan ci-rani a Abijan da Kwatano da Legas da Aljeriya suna aiko da gudummawa ta ofisoshin aika kuɗi, kuma da sunan mutum guda take zuwa, ta haɗu da kuɗin cefanensa a aljihu ɗaya. A daminar 2024, wadda ambaliyarta ta rusa gidaje a Maraɗi ta kuma kayar da tsohon masallacin Damagaram a watan Satumba, an ga ma'ajin da ya karɓi saƙo daga wurare da dama a yini guda, ga mabukata a ƙofarsa, ba lokacin neman alƙalami. Mutumin kirki ne ya fi shiga haɗari a irin wannan rana.

Mun san wata ƙungiya da ta ɗauki matakai marasa tsada. Ta buɗe asusu da sunanta, ba a fitar da kuɗi sai da sa hannun mutum biyu. Duk wata uku, bayan la'asar ɗin Juma'a, magatakarda yakan miƙe ya karanta abin da ya shigo da abin da ya fita, da Hausa, a gaban maza, sa'an nan a kai littafin ɓangaren mata a sake karantawa. Ta kuma rubuta a kundinta cewa ba a ba da rance daga kuɗin marayu, ko ga wane ne. Da farko wasu dattawa sun ji haushi, suka ce an mayar da zumunci aikin ofis. Wanda ya fi kowa murna shi ne ma'ajin. Ya ba mu labari cewa kawunsa ya zo masa da dare yana neman jika hamsin zuwa kaka, sai ya ɗauko littafin ya buɗe masa, ya ce: «Kawu, ka gafarce ni, ko na so ba ni da iko, sai Malam ya sa hannu, kuma ranar Juma'a za a karanta.» Kawun ya yi mako guda ba ya amsa gaisuwarsa. Daga baya ma'ajin ya haɗa masa jika ashirin daga aljihunsa, sauran kuma ya samo a wurin wani ɗan'uwansu mai shago a kasuwa.