Tirelar Baba da dawar da ba ta kwana gona

Masu tambaya ina na shige kwana biyu ba a ji ɗuriyata a nan, lafiya lau nike, tirela ce ta riƙe ni. Kada wani ya ɗauka mai taya goma sha takwas na saya, albashin bai kai nan ba. Tirelar tarakta ce, tsohuwa, wadda marigayi Baba ya bar mana, Allah Ya jiƙan shi da rahama.

Baba malamin gona ne. Ya saye ta a gwanjo tun ina firamare, ita da wata tsohuwar Massey Ferguson da ba ta tashi sai an tura. Da aka zo rabon gado taraktar ta samu mai saye, tirelar kuwa ko tayawa ba wanda ya yi, sai aka jawo ta aka aje a kangon filinmu da ke bayan gida, can wajen Kofar Sauri. Daga baya muka yi wata yarjejeniya da wani bawan Allah mai tarakta wanda ba shi da tirela: idan kaka ta yi ya zo ya ɗauka ya yi aikin shi, shi kuma ya kwaso mani nawa amfanin, ni dai in zuba gas. Shekara shida ke nan muna haka, ba takarda ba shaida, kuma ko sau ɗaya ba a ji kanmu ba.

Wanda bai sani ba zai ce mi ya haɗa ma'aikacin ofis da jigilar dawa. To ku tambayi duk wani ma'aikaci mai iyali a garin nan. An sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a 2024, mun gode, amma wanda ke da baki goma a gida ya san buhun da ya noma da hannun shi ne ke rufa mashi asiri, ba alat ɗin ƙarshen wata ba. Kuma noma ita ce sana'ar da kundin tsarin mulki ya yarje wa ma'aikacin gwamnati ya haɗa da aikin shi. Saboda haka daga Litinin zuwa Juma'a ina kan fayil, Asabar da Lahadi ina gona, kan hanyar Mashi.

Bana da na je duba tirelar sai da gabana ya faɗi. Katakon ƙasan ya ruɓe, ka taka ƙafarka ta zurma. Boris ɗin gefe guda ya watse. Wuyan, wato inda ake maƙala ta jikin tarakta, ya tsage kusan rabi. Taya ɗaya kuma dama tun bara ta ƙone, zan zo kan wannan. Ga ciyawa ta rufe ta har ba ka ganin ƙafafun, tafasa da ƙarangiya sun bushe ƙayau, tumfafiya ta fito ta tsakiyar bodin.

Ƙanena da muke tare ya zagaya ta sau ɗaya ya ce, "Yaya, don Allah mu saida ƙarhen nan mu huta. Kullum gyara, kullum gyara." Ashe ma har ya yi magana da yaran nan 'yan gwangwan, sun zo sun ƙwanƙwasa, sun ce za su ba da dubu ɗari uku su yanka ta a nan su kwashe. Wallahi ban ga laifin shi ba. Yana da biyan kuɗin makaranta, kuma dubu ɗari uku a hannu ta fi ƙarfe mai tsatsa a kango. Na ce ya ba ni kwana biyu in yi lissafi.

Ga abin da lissafin ya nuna mani, kuma shi ne dalilin wannan dogon rubutun.

Lokacin da muke yara gonarmu ta gado tana yankin Batsari. Idan aka yanke dawa, a nan gona ake ɗaure ta dami-dami a jingine, ta yi sati biyu, uku, wani lokaci fiye, ba mai taɓawa sai tsuntsu. Rumbunan mutane ma a bayan gari suke, ba ƙofa ba kwaɗo. Kara kuwa sai an ga dama a kwaso. Baba yana cewa ba a gaggawa da dawa, a bar iskar hunturu ta gama busar da ita. Wannan gonar yau shekara shida ban taka ta ba. Kowa ya san abin da ya faru da Batsari da Jibiya da Safana da Ɗanmusa da Ƙanƙara, har ta kai manomi sai ya biya kafin a bar shi ya girbe abin da ya shuka. Bana an yi sulhu a wasu wuraren, wasu 'yan'uwanmu sun koma sun yi noma, Allah Ya ɗorar da zaman lafiya. Ni dai zuciyata ba ta ba ni ba tukuna.

Inda na koma nike haya, ta gabas, alhamdu lillahi babu wannan fitinar. Amma akwai ƙaramar, wadda ba ta shiga labarai: satar amfanin gona. Yau ka yanke dawa ka bari ta kwana, gobe ka tarar an zage kawunan an bar maka kara. Wake tun yana jikin uwar shi ake roro da dare. Maƙwabcin gonata shekaranjiya waccan buhu huɗu na gyaɗa aka ɗauke mashi, ya tafi sallar Juma'a ne kawai. Don haka yanzu dokar ita ce, abin da aka yanke yau, a casa yau, a ɗure a buhu, ya kwana cikin gari. Har kara da harawa ba a bari, don su ma sun zama kuɗi.

Ka ga ke nan jigila ta zama rabin noman. Kai injin casa gona, sawu ɗaya. Dawo da shi, sawu ɗaya. Buhuna sawu biyu. Kara da harawa sawu biyu ko uku. Sannan idan an gama a ɗauki injin ban ruwa da mesa da taki a kai bakin dam ɗin Ajiwa, inda muke ɗan taɓa albasa da tumatir da rani. Na tambayi masu a-kori-kura, kuɗin da suka yanka mani na sawu ɗaya na ninka sau bakwai, sai na ga ya kusa cinye dubu ɗari ukun nan a kaka ɗaya. Baɗi kuma fa? Babu tirela, babu kuɗin.

Kuma ba laifin direbobin ba ne. Tun ranar 29 ga Mayu 2023 da aka ce tallafi ya tafi, litar fetur da muke saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce dubu. Tarakta ita gas take sha, shi kuwa gas dama can ba shi da tallafi, tun 2022 da aka fara yaƙin Rasha da Yukiren ya yi sama bai waiwayo ba. Abin da ya ƙara ɗaure kai bana, hatsi ya faɗi warwas a kasuwa. A matsayina na mai cefane na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A matsayina na wanda ya sayi taki da tsada a watan Yuni kuma, idan na tuna sai in ji barci ya ƙaurace. Mutum ɗaya, aljihu ɗaya, ana yi mashi daɗi ana yi mashi ciwo.

Na kira ƙanena na zayyana mashi. Ya yi shiru, ya ce, "To Yaya, amma kai za ka biya gyaran." Na ce na ji.

Aka jawo ta da ƙyar zuwa wajen wani dattijo mai walda da ya san Baba. Yana ganin ta ya yi dariya ya ce, "Wagga har yanzu tana nan? Alhaji, ko an ba ka miliyan kada ka saida. Taɓa nan ka ji kauri. Irin ƙarhen ga ba a yin shi yanzu, na yanzu kana sa mashi wuta yana hujewa kamar takarda." Ban sani ba ko daɗin baki ne na mai son aiki, amma na taɓa, kuma na ji kaurin.

Aikin kwana ɗaya sai da ya ci kwana huɗu. Ranar farko ba wuta. Rana ta biyu aka kawo ta ƙarfe biyu na dare, dattijo ya ce shi ya wuce shekarun tashi walda da tsakar dare. Rana ta uku na haƙura na sayo fetur a galan aka tada janareta. Ina tashi ofis ƙarfe huɗu in wuce can da manyan kaya, in zauna kan benci ina kallon yaran shagon. Su biyar ne, babban bai wuce shekara ashirin ba, ƙaramin ko sha biyu bai kai ba. Tabarau ɗaya gare su na walda, ana karɓa-karɓa, sauran sai dai su kare ido da hannu. Amma ku zo ku ga yadda babban ya ɗinke tsagar wuyan nan, ya ƙara mata fallen ƙarfe sama da ƙasa, ya fitar da tsohon boris da kurfi da guduma ya sa sabo ya cika shi da giris. Ya gama sakandare, ya ce mani, sakamakon ne bai karɓo ba saboda ana bin shi kuɗi.

A kan bencin nan na yi ta tunanin cibiyar kayan noma ta Tashar Bala da Shugaba Tinubu ya buɗe da ya zo Katsina a watan Mayu, da ɗaruruwan sababbin taraktoci. Abu ne mai kyau, kuma ina fatan su kai ga ƙaramin manomi. Ni ma'aikaci ne, akwai iyakar abin da zan faɗa a nan. Amma duk wanda ya kai shekaruna ya ga taraktoci sababbi fil sun zo ƙasar nan an yi biki, bayan 'yan shekaru ya gan su a bayan sakatariya kan duwatsu, kaji na ƙwai a ƙarƙashi, saboda wani ɗan ƙarfe da bai fi tafin hannu ba ya lalace an rasa mai sayowa. Abin da ke sa inji ya shekara talatin yana aiki shi ne irin wannan dattijon da yaran shi, da wutar da za su yi aiki da ita, da kayan gyara a kusa. Su kuma ban taɓa ganin an yanka masu kintinkiri ba.

Gaba ɗaya gyaran, da katako da boris da walda da taya 'yar Kwatano da ladan mai faci, ya tasar ma dubu ɗari da casa'in. Uwargida ta ce da kuɗin nan rigunan sanyin yara na saya da katifa. Na ce dawar da za ta jawo ita za ta sayi rigunan. Ta ce Allah Ya sa. Kun san irin wannan "Allah Ya sa" ɗin.

Asabar da ta wuce muka yi sawun farko. Mun kai injin casa da safe, muka yi ta aiki har la'asar, ƙaiƙayi ya cika mana wuya. Kafin a gama ɗinke buhuna a loda magariba ta yi. Nan na yi kuskuren da ba zan ƙara ba, na yarda muka hau titi da duhu. Tirela ba ta da fitila ko ɗaya a baya, ga hazo ya fara sauka. Ina bin su a baya da mashin sai ga wata ƙaramar mota ta taho a guje, ba ta ga tirelar ba sai da ta zo dab, direban ya taka birki motar ta yi gefe ta sauka titi. Allah Ya tsare, ba wanda ya ji ciwo. Mutumin ya fito ya wanke mu tas, kuma gaskiyar shi, ban ce uffan ba sai haƙuri. Washegari na sayo sitika mai ƙyalli ja da fari na manne bayan da gefuna, na kuma ce wa mai tarakta daga yau in rana ta faɗi a kwana can, ni zan biya mai gadi.

Saura kangon. Na ce zan dawo kan tayar da ta ƙone. Bara war haka na tara harawa da kara a filin nan ban share ciyawar ba, ina cewa sai Asabar, sai Asabar. Wata rana da hantsi yaran unguwa suka biyo gafiya ta shige rami, suka cusa tsumma suka kunna. Iskar hunturu kuwa ba ta jira. Ina ofis aka kira ni. Kafin in iso maƙwabta sun kashe da bokitai da ruwan 'yan ga-ruwa, amma harawar ta tafi, tayar ta tafi, kuma wutar ta lashi katangar maƙwabcina, bayan ta ɗakin da tsohuwar shi ke kwana ne. An kira 'yan kwana-kwana, to ko sun zo lungunmu mota ba ta shiga, an ci hanyar da gini ta kowane gefe. Mutumin nan bai taɓa yi mani maganar ba har yau, kuma shirun nashi ya fi mani zafi.

Abin da nike so mu lura da shi ke nan. Da can kara da harawa suna gona ko bayan gari, in wuta ta tashi ta ci ta mutu a can. Yanzu tsoron ɓarayi ya sa duk mun kwaso su mun shigo da su cikin unguwa, kan soro, kan rufin kwano, jikin katanga, kusa da janareta da galan ɗin fetur. Ku ɗaga kai ku duba rufin gidajen unguwarku a wannan watan. Ga sanyi na tafe, za a fara shiga ɗaki da kaskon garwashi, a jona hita a manta in an ɗauke wuta. Mu da muka ga abin da gobara ta yi wa babbar kasuwar Katsina a watan Maris na 2021 ba sai an ba mu labari ba.

Don haka jiya Lahadi tun bayan asuba na tara yarana da na maƙwabta, aka fito da lauje da adda da manjagara da baro. Mun nome filin tas, mun kwashe ciyawar a tirela an kai bayan gari, ban yarda an ƙona ko tsinke a nan ba. Mun kashe kububuwa ɗaya a ƙarƙashin tsoffin bulo, inda yara ke wasan ɓuya kullum. Harawar bana na sa an yi mata rumfa a tsakiyar fili, taku goma daga kowace katanga, na aje duro biyu cike da ruwa a gefe. Maƙwabcin nawa ya leƙo ya ga aikin, ya ce "sannunku da aiki", ya aiko mana da kunu.

Dawa saura sawu ɗaya, sai kayan ban ruwa zuwa Ajiwa ranar Asabar in Allah Ya kai mu. Ɗayar tayar ma mai faci ya ce ba za ta kai ƙarshen rani ba. Duk wanda ya san inda zan samu mai lamba 750-16, ko 'yar Kwatano ce in dai tana da sauran ƙarfi, don Allah ya yi mani magana ta inbos.