Magudanan da Ke Cikin Ciki

Akwai wani tela a wani gari na kudancin Nijar wanda ya shekara uku yana fama da murɗar ciki da zawo. Ya sha maganin tsutsa, ya sha na atini, ya kuma yi wata shida yana shan maganin tibi, domin an zaci tibin hanji ne. Duk da haka ramewa yake ta yi, har wandon da ya ɗinka wa kansa ya daina zama a ƙugunsa. 'Yan'uwansa suka ce sammu ne, aka fara nuna wani maƙwabci da baki. Surukansa kuwa suka soma maganar ɗauke 'yarsu, wai kada ita da yara su kamu.

Wata rana da dare cikinsa ya kumbura, ya yi ta amai. Aka kai shi asibiti, aka yi masa fiɗa. Likita ya tarar ƙarshen ƙaramin hanji ya yi kauri ya tsuke, kitse ya nannaɗe shi, ga kaluluwa ta kumbura a kewaye. Ya yanke wurin da ya lalace, ya aika aka duba. Amsa ta zo cewa cutar Crohn ce, ɗaya daga cikin cututtuka biyu masu sa hanji kumburi na dogon lokaci. Ɗayar a babban hanji kaɗai take zama.

Telan ya ce, “Likita, me na ci?” Likita ya ce, “Malam, ka san lambatun bakin shagonka da damina? In shara ta toshe shi, ina ruwa yake zuwa?” Ya ce, “Cikin shago.” Likita ya ce, “To, hanjinka ma yana da lambatu.”

Kowa ya san jijiyoyin jini. Amma akwai waɗansu siraran jijiyoyi masu ɗauke da farin ruwa, ana ce da su jijiyoyin limfa. Su ne ke kwashe ruwan da ya tsatso cikin tsoka, su bi da shi ta kaluluwa a tace, sa'an nan su mai da shi cikin jini kusa da gindin wuya. A hanji suna da ƙarin aiki, gama su ke ɗaukar maiƙon abinci. A 1622 wani likitan Italiya, Gaspare Aselli, ya buɗe cikin karen da bai daɗe da cin abinci ba, ya gan su fari fat kamar madara.

A 1932 Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka bayyana cutar a birnin New York na Amurka. A 1936 Reichert da Mathes suka toshe waɗannan jijiyoyi a cikin karnuka, sai hanjinsu ya yi kauri, ya yi kama da na masu cutar. Likitocin zamanin sun kuma ga jijiyoyin limfa na marasa lafiya sun buɗe sun cika, ƙwayoyin tsaron jiki sun dunƙule sun toshe su. Bayan haka hankali ya koma wani wajen, har 2008, sa'ad da Van Kruiningen da Colombel suka yi rubutu suna tunasar da likitoci wannan sashe da aka manta.

Ga yadda abin yake tafiya. In magudana ta toshe, ruwa ya kwanta a bangon hanji ya kumbura shi. Ƙwayoyin cuta da na tsaron jiki da ya kamata a kwashe sai su taru wuri ɗaya, faɗa ya ƙi ƙarewa. Ruwan mai maiƙo yakan yoyo cikin kitsen da ke riƙe da hanji. A kwana a tashi tabo ya kama, hanya ta tsuke. Masu bincike suna ta muhawara a kan ko toshewar ce ke fara jawo kumburi, ko kumburin ne ke jawo ta. Gado, ƙwayoyin cikin hanji da shan taba su ma suna da hannu.

Likita ya kira surukin telan ya ce, “Baba, wannan ciwo ba ya yaɗuwa, ba kuwa wanda ya sa masa hannu.” Ya faɗa musu gaskiya cewa fiɗa ba ta raba mutum da cutar, takan dawo, amma akwai magungunan da ke kwantar da ita shekara da shekaru. Ya gargaɗe su kada su sayi irin waɗannan a kasuwa, domin suna rage ƙarfin tsaron jiki, in kuwa tibin hanji ne ke damun mutum, sai su ƙara masa ciwo.

Mai karatu, in wani naka ya yi makonni yana zawo da ramewa, maganin tsutsa da na atini sun kāsa, a koma asibiti a nemi bincike mai zurfi kafin a ɗora wa kowa laifi. Telan nan ya bar taba, ya koma kan kekensa, matarsa tana ɗakinta. Da ya sami ƙarfin tafiya, gidan da ya fara zuwa shi ne na maƙwabcin da aka zarga, ya nemi gafara a madadin 'yan'uwansa.