Abin Da Fitila Ke Gani Tun Ciwo Bai Kama Ba

A azumin bara muka binne wata 'yar'uwarmu a nan zango, mai sayar da koko da ƙosai. Shekara biyu tana ganin jini bayan al'ada ta ɗauke mata. Mu da muka sani sai muka ce sanyi ne, wasu suka ce jifa ne, muka yi ta kai mata jiƙo da rubutu. Ranar da aka kai ta asibiti, likita ya ce ciwon daji ne na bakin mahaifa, kuma ya riga ya yi nisa.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne bayanin da wata nas ta yi mana daga baya. Ta ce wannan ciwo ba ya faɗo wa mace dare ɗaya. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa shi, kuma a jikin mai lafiya yakan ɗauki shekara 15 zuwa 20 kafin ya zama daji. Duk tsawon wannan lokaci akwai alama a fatar bakin mahaifa, ba ta zafi, ba ta jini, amma haske na iya nuna ta.

Yadda ake yi kuwa, babu yanka, babu allura. Ana shafa ruwan binega a wurin, a jira kamar minti ɗaya, sa'an nan a haska fitila. Inda ya fara lalacewa sai ya yi fari fat, lafiyayye kuma ya zauna da launinsa. Akwai madubi mai ƙara girman abu, kolfoskof, wanda wani likitan Jamus, Hans Hinselmann, ya ƙirƙiro a 1925. Idan aka sa masa koren haske har jijiyoyin jini yana fitarwa. Da can sai babban asibiti ke da shi, don tsada da nauyi. Yanzu an yi ƙanana da ake haɗawa da wayar hannu, nas ta ɗauki hoto ta aika wa ƙwararre. Asibitin Katolika na Battor, a Jihar Volta, ya yi suna wajen koya wa nas-nas wannan aiki.

To, mu faɗi gaskiya, ba rashin na'ura kaɗai ke hana mu zuwa ba. Kunya ce, da tsoron ƙarfen nan da ake buɗa mace da shi, balle a ce namiji ne zai duba. Shi ya sa muka ji daɗi da labarin Mercy Asiedu, 'yar Ghana, wadda a Jami'ar Duke ta Amurka ta yi aikin wata siririyar kyamara mai suna Callascope, da mace za ta iya sa wa kanta ba tare da ƙarfen ba.

Hoto dai ba hukunci ba ne. Wani farin ba ciwo ba ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta fi son a fara da gwajin HPV inda ya samu. Burin da ta sa a 2020 shi ne a duba kashi 70 cikin 100 na mata kafin shekara 35, a sake kafin 45.

Mu goma sha ɗaya ne a adashinmu. Mun yanke cewa kwasar watan gobe kuɗin mota ce, kuma mun roƙi a ba mu nas mace. Biyu daga cikinmu har yanzu suna jiran izinin maigida.