Lissafin da ke cikin sirinji

Duk mai son shiga makarantar koyon aikin lafiya, irin ta Kankiya, sai ya kawo kiredit biyar a WAEC ko NECO: Turanci, lissafi, bayoloji, kemistiri da fiziks. Ƙanena da ke Kurfi ya samu huɗu, lissafi ya tsaya a D7. Burinsa aikin agajin gaggawa a motar asibiti, har ya fara cewa ko ya haƙura.

Da muka samu hutu na kira shi ɗakina a Dutsin-Ma. Ban fara masa da x da y ba, kwalbar farasitamol na ajiye gabansa. Yaro mai kilo 12, ana ba shi miligiram 15 a kowane kilo, nawa ke nan? Ya ce 180. To kwalbar ta ce akwai miligiram 120 a mililita 5, nawa za ka zuƙo? Ya daɗe yana soshe-soshen ƙeya kafin ya ce 7.5. Ka ga, reshiyon da ya kayar da shi a jarrabawa ne ya warware da bakinsa.

Ƙarin ruwa ya fi ba shi wuya. Leda mai mililita 500 cikin awa 4, da igiya mai ɗigo 20 a mililita, kusan ɗigo 42 ke nan a minti. Sati guda muka yi a kai.

Abin da na fi matsa masa shi ne ɗigon desimal, wanda ɗalibai ke rainawa. Wallahi idan ya goce, 7.5 ta zama 75, an ɗura wa ɗan wani magani ninki goma a kan hanyar Katsina, ba likita kusa.