Ƴar fitilar da muke rufewa da salatif

Duk wanda ya saba shiga motoci ƴan Kwatano ya san wata ƴar fitila mai ruwan ɗorawa a gaban direba, mai kama da tukunya da alamar motsin rai a ciki. Direbobinmu da yawa ba sa kula ta, wasu ma salatif suke manna mata don kar ta dame su. Alhali ita cewa take yi iskar taya ta ragu.

Ba don ado aka sa ta ba. Bayan tayoyin Firestone sun yi ta ɓarewa a motocin Ford Explorer, rayuka suka salwanta, sai Amurka ta yi doka a 2000. Daga Satumban 2007 duk sabuwar ƙaramar mota a can sai da na'urar nan, wadda ke gargaɗi in iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari. Tarayyar Turai ta bi sahu a 2014. Motocin nan su ne yau a titunanmu.

Ni dai a garejin da na yi SIWES na san cikinta. A yawancin motocin, ƴar sensa ce a cikin taya, haɗe da gindin bawul, tana aika wa kwamfutar mota saƙo. Batirinta a rufe yake, yakan yi shekara 5 zuwa 10, in ya mutu sai dai sabuwar sensa. Ogana ya koya mini karanta fitilar: in ta kama ta tsaya, iska ce, a auna, a bi lambar da ke jikin ƙofar direba, ba ta jikin taya ba. In ta yi ta ƙiftawa wajen minti ɗaya kafin ta tsaya, matsalar na'urar ce. Da hunturu kuma sanyin asuba kaɗai kan rage iska har ta kama.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne yawan sensar da muka tarar a karye. Mai faci ya sa ƙarfe daidai wajen bawul zai ɓalle taya, shi ke nan ta tafi. Wallahi ba mugunta ba ce, ba wanda ya taɓa nuna masa. Kuma ko an sa sabuwa, sai an canza robar bawul, an ɗaure daidai, an kuma gabatar da ita ga kwamfutar motar. Ta Amurka yawanci 315 MHz ce, ta Turai 433, ba a musanya su.

To ƴan uwa ƴan sashen kanikanci da lantarki, ga sana'a tana jiranmu. Taya mai ƙarancin iska tana shan mai, tana ɗaukar zafi, a kwaltar Kano zuwa Zariya cikin Afrilu kuwa fashewarta ba wuya. Mu koyi aikin nan da kyau, mu kuma koya wa masu facin unguwanninmu.